Tururuwa a Nonon Mardiya

Duk tsarabar da Safiyanu ya ɗauko daga Aljeriya, babu wadda ta tara masa mutane kamar ɗan gadon jariri. Gado ne na farin ƙarfe mai naɗewa, an kewaye shi da sanduna sai ka ce kejin kaji na masu hali. A tsakar gida ya warware shi, ya jera gwangwanayen madarar gari da kwalbar shayarwa wadda ya ce sunanta bibaro, matan unguwa suna ta leƙe suna taɓawa. Ƙauyen nasu na gefen Garhanga ya sha ganin tsarabar 'yan cin-rani, daga bargo har agogon bango da ba wanda ke duba shi, amma gadon da jariri zai kwana shi kaɗai, wannan sabo ne.

Mardiya, matarsa, tana tsaye a bakin ɗakinta da yaron a goye. Ta yi murna, kada a yi mata ƙarya. Da ciki ya tafi ya bar ta, ta haihu ba ya nan, aka raɗa wa yaro suna Anas ba ya nan, ga shi yanzu yaro ya fara zama uban ya dawo da ƙafafunsa, alhali wasu hamada ta cinye su ko gawarsu ba a gani ba. Tana son mijinta, ta kuma yi kewarsa.

Shi dai yaron babu abin da yake nema daga Aljeriya. Ƙato ne, wuya ninki-ninki, in ka ɗauke shi sai ka gyara tsayuwa. Tun ranar da ya faɗo a jikin uwarsa yake kwana, cikin sange ɗaya na sauro. Takan kwanta ta gefe, hannu ɗaya ya kewaye kansa, gwiwarta ta tare ƙafafunsa, ba kuwa wanda ya koya mata hakan. In ya motsa ya lalubi nono ya kama, ita ba ta gama farkawa ba, shi bai kai ga kuka ba, su koma barcinsu. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai anya akwai jariri a gidan nan? Haka aka yi tun ba a san gado ba. Ɗan akuya yana faɗowa yake miƙewa ya bi uwarsa, ɗan mutum kuwa ɗanye yake zuwa, bai iya komai ba sai manne wa jikin da ya fito daga ciki, a nan yake ƙarasa nuna.

Safiyanu ya dafa gadon ya yi wa mata bayani.

"Gidan patron da niy yi ma aiki, jinjiri ɗakinai daban, gadonai daban. Lokotoronsu, likita ke nan, ya ce uwa tana iya danne ɗa cikin kwana ba ta sani ba. Mu nan muna ta kwanci da ɗiya kamar tumaki."

Inna Cima, uwarsa, ta gyaɗa kai. "Wanda yat tahi ya gano ya hi wanda yaz zamna," in ji ta. Ita ce fa ta raini 'ya'yanta kaf a haƙarƙarinta, har da shi mai bayanin, ba ta taɓa danne ko ɗaya ba.

Gaskiyar magana ba ta da nisa, kunya ce kawai ta hana a faɗe ta. Damina ɗaya Safiyanu zai yi, ana gama yankan gero ya koma. A ƙauyen an yarda cewa in miji ya kusanci mai shayarwa nono yana ɓaci, in kuwa ta ɗauki ciki da yaro a nono sai a ce ta yi kwanika, abin gori ga gidan duka. Shi yana son matarsa, uwarsa tana son ya bar wani cikin kafin ya tafi. Tsakaninsu da abin da suke so akwai ɗan mutum ɗaya da bai da baki, don haka aka nemo masa gado.

Daren farko yaron ya yi ta tsala kuka a cikin sandunan nan har asuba. Da gari ya waye Safiyanu ya fito da jajayen idanu, ya naɗe gadon, ya kai shi ɗakin uwarsa a ɗaya gefen tsakar gida. Ya ce da ma a gidan patron ba a ɗaki ɗaya ake kwana ba, shi ne kuskuren da aka yi.

Anas ɗan fari ne, ɗan fari kuwa akwai kunya a kansa. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mardiya ta riƙe wannan kunyar yadda aka koya mata, ba ta taɓa jin nauyinta ba, domin duk abin da ta ɓoye da rana tana biyan yaron da dare. Yanzu an karɓe daren. Sau ɗaya ta kasa daurewa, ta ji muryarsa ta shaƙe, ta fita da gudu ko ɗankwali babu. A bakin ƙofa ta tarar da Inna Cima.

"Ke Mardiya, ina zuwa haka? Ɗan hwari na hwa. Mu zamaninmu ko kallon ɗan hwari ba mu yi gaban mutane, ke ga ki kina tsallake tsakar gida don ya yi ɗan kuka. Koma ɗakin mijinki. Wanga maigidana na, ni ad da shi."

Ta koma. Washegari tsohuwar ta ba da labarin a bakin turmi tana dariya, mata suka taya ta, Mardiya ta sunkuyar da kai tana daka kamar ba da ita ake ba.

An bar mata rana, amma ranar damina ba ta mai shayarwa ba ce. Ta yi surfe, ta dama fura, ta ɗauka zuwa gona can bayan dutse, ta taya noma, ta dawo da itace. Da can da yaron a bayanta take yin duk wannan, in ya nema ta juyo shi gaba. Yanzu an ce rana tana dukansa, a bar shi gida tunda ga bibaro. Gwangwanin madarar akwai rubutu a jikinsa, ba wanda ya iya karanta shi, Inna Cima da ido take aunawa. Madara tana yin ƙasa a gwangwani, ruwa yana ƙaruwa a kwalba. Ruwan kuwa na tabki ne, domin famfon gari ya lalace tun bazara. In yaro ya ture kwalbar ta faɗi cikin yashi, ƙudaje su yi mata baƙi, tsohuwa ta ɗauka ta goge bakin da gefen zanenta ta mayar masa.

Kwanakin farko nonon Mardiya ya cika ya yi tauri, ta kwana yana zuba yana jiƙa shimfiɗa, Safiyanu yana matsawa gefe yana cewa ƙarni. Daga baya nonon ya fara ja da baya. Nono gwargwadon abin da aka ja yake kawowa, yaron kuwa da dare ya fi ja. In ta dawo daga gona ta karɓe shi, ya kama da haɗama, ya ja, ya ja, ya saki ya fashe da kuka yana dukan ƙirjinta da ɗan hannunsa. Inna Cima ta ce, "Kun gani ko? Ba shi ƙoshi da ita," ta miƙo kwalba.

Sai zawo ya zo. Aka ce haƙora ne. Da ya ƙi tsayawa aka ce maɗiga ce ta faɗa, aka kwaɓa magani aka lafta masa a tsakar ka. Da wannan ma bai yi ba aka ce bakin mutane ne, matan da suka yi ta yabon ƙibarsa su suka cinye shi, aka karɓo rubutu da laya. Kowane ciwo an samo masa suna da mai laifi, kwalbar nan dai ba wanda ya dube ta sau biyu, ai daga waje ta zo.

Wata la'asar Safiyanu yana zaune a inuwar rumbu yana gyara ƙotar hauya, Mardiya ta kawo masa ruwa ta durƙusa.

"Malam, yaron nan ba shi da lahiya. Ka bari shi komo wurina ko da kwana kaɗan na, har zawon shi tsaya."

"Inna ta ce haƙora na."

"Na duba bakinai, babu ko ɗaya."

"Kin hi Inna sani?"

Da tsawa ya yi mata da ta san inda za ta ajiye shi. Sai ya aje hauyar, ya waiga ko akwai mai gani, ya kama hannunta.

"Hanƙuri za ki yi, Mardiya. Shekara guda ina kwana bisa kwali cikin garaji, ke nika tunani. Ɗana na, ina iya cuta tai? Bari, gobe in yi ma Inna magana."

Ta yarda da shi. Goben ta zo ta wuce, jibi ma haka, kullum akwai dalili: Inna ba ta jin daɗin jikinta, an yi baƙi, ya dawo a gajiye. Yaron da sai ka gyara tsayuwa kafin ka ɗauke shi, yanzu ninkin wuyansa ya zama fata.

Nan ta tuna da Gogo Tabawa, ƙanwar ubanta da ke zaune a wajen Urno. Ita ta raine ta, ita ta yi mata wankan jego, ita ce da hannunta ta fara kwantar da jaririn a gefenta ta ce ta riƙa jin numfashinsa. In akwai wadda za ta iya tsayawa gaban Inna Cima ta faɗa mata gaskiya, tsohuwa da tsohuwa, to ita ce. Mardiya ta roƙi mijinta ya bari a aika mata. Ga mamakinta ko musu bai yi ba, ya ari babur ya ce shi da kansa zai je ya ɗauko ta. Ta raka shi har ƙofar gida da ido, tana jin kunyar zargin da ta fara yi masa a ranta.

Gogo ta iso, ta karɓi yaron, ta juya shi, ta ja fatar cikinsa ta ga ba ta koma ba, ta yi salati a hankali. Mardiya ta jira ta ce a mayar da shi jikin uwarsa. Sai Inna Cima ta riga Gogo magana.

"Ni dai ina tsoron nono na. Tunda ga ki, a gwada gaban idonki, kada a ce uwam miji ta yi ma ɗiyakku sharri."

Gwajin sananne ne. A tatsi nonon mace a ƙoƙo, a jefa tururuwa a ciki. In ta yi iyo ta hau bakin ƙoƙon ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, ya ɓaci, dafi ne ga yaro, sai a raba su. Mardiya ba ta ji tsoro ba ko kaɗan. Wannan nonon ne ya yi wa yaron ƙibar da ake magana.

Da hantsi aka zauna a bayan ɗaki, tsofaffin biyu da wasu maƙwabta. Ta daɗe tana matsawa kafin abin da ya fito ya rufe gindin ƙoƙon. Inna Cima ta sunkuya a gindin rumbu ta tsinci tururuwa. Mardiya tana kallon hannun. Ta ga yatsu biyun sun murza ɗan abin nan, murza ɗaya mai sauri kamar mai murza gishiri a miya, sannan suka sake shi. Ta ɗago ta dubi Gogo. Idon Gogo ma a kan yatsun yake.

Tururuwar ta faɗa, ta motsa ƙafa ɗaya, ta yi shiru.

Maƙwabta suka ɗauki salati. Inna Cima ta tura ƙoƙon gaban baƙuwar. "Ke ad da ɗiya, ke za ki hwaɗi."

Gogo Tabawa ta daɗe tana kallon cikin ƙoƙon. "Nono ya ɓaci," in ji ta.

A ranar aka jiƙa ɓawon maɗaci da toka aka shafe wa Mardiya ƙirji, don ko yaron ya kama ya saki. Aka dafa mata wasu sassaƙe masu ɗaci aka ce ta riƙa sha safe da yamma, maganin gyaran nono ne. Ranar da aka bar mata ma an karɓe.

Ta tare Gogo a bayan gida da yamma, lokacin da ta kewaya da buta.

"Gogo, kin ga abin da tay yi."

"Na gani."

"Kin gani, kic ce ya ɓaci?"

Tsohuwar ta aje butar. Ba ta ko ɓoye fuska ba. "Aurenki nika gyara, ɗiyata. Mijinki ya hwaɗa man komi tun ba mu baro Urno ba. Namiji ya taho daga uwa duniya, shi ishe matatai da jinjiri manne kamar kaska, kina son shi yi ƙaƙa? In kin komo gida da saki, wa za shi riƙa ki? Ubanki rumbunai wayam. Yaro ba shi mutuwa don ya sha madarat Turawa."

"Shi yac ce ki ce haka?"

"Bai ce in ce ba. Ya dai nuna man inda shika son magana ta tsaya, ni kuwa ba yarinya ta ba."

Mardiya ta tuna yadda ya yi saurin aron babur, da yadda ta tsaya tana yi masa addu'ar isa lafiya. Ba Inna Cima ce ta fi yi mata ciwo ba, ita da ma ba ta taɓa yi mata alkawarin komai ba. Mutum biyun da ta jingina da su a duniya, su ne suka hau babur ɗaya suka gama shawara a kanta, suka iso suna yi mata murmushi. Da ɗan gari akan ci gari. Daren nan Safiyanu ya shigo ɗaki ya tambaye ta ko ta sha maganinta, ta ce ta sha.

Bayan tafiyar Gogo kukan yaron ya canza, ya koma wata siririyar murya da sai ka kasa kunne za ka ji. Daga nan ya daina gaba ɗaya. Inna Cima ta fito da safe tana fara'a.

"Kun ji ko? Ya saba. Jiya ko tari bai yi ba."

Safiyanu ya kai labarin majalisa, ya ce da ma haka patron ya gaya masa, kwanakin farko ne masu wuya. Wani abokinsa har ya ce in zai dawo baɗi ya taho masa da irin gadon.

Mardiya ta san shirun nan ba sabo ba ne. Ranar kasuwa Inna Cima ta tafi barkar haihuwa, Safiyanu yana gona. Ta shiga ɗakin da aka hana ta shiga. Yaron yana kwance a tsakiyar gadon, ido a buɗe ya faɗa ciki, ƙudaje a gefen bakinsa bai ko kore su ba. Ta ɗauke shi, nauyinsa bai kai na ƙwaryar fura ba. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta goya shi, ta bi ta bayan gari ta cikin gero har bakin hanya, ta tsayar da motar kasuwa, direban ya dubi abin da ke bayanta bai tambaye ta komai ba.

Kafin la'asar mijin da uwarsa sun biyo ta har likita, wato asibitin babban gari, ba don komai ba sai don kada a ce matar gidansu ta fita ba su sani ba. Suka tarar an ɗora yaron a ma'auni. Ma'aikaciyar da ke dubawa, wata mace mai tabarau da gajiya ta cika wa fuska, ta ɗago ta dube su duka.

"Wa ya ce a yaye yaro ƙarami haka?"

Mardiya ta dubi mijinta. Ko a lokacin, Allah ya sani, tana jiran ya buɗe baki ya ce shi ne. Da ya faɗa da ta yafe masa rabi.

"Madam," in ji Safiyanu, "wanga sha'anin mata na. Ni kwanan nan nik komo daga waje, kullum ina gona. Ni dai na sawo madara da komi."

"Nononta na yaɓ ɓaci," in ji Inna Cima. "Mun yi iyakacin ƙoƙarinmu."

Madam ta juya ga Mardiya. "Ke kuma uwa, kina kallo har ya kai haka?"

Me za ta ce, a gaban uwar miji, a kan ɗan fari? Ta sunkuyar da kai. Safiyanu ya ciro wayarsa yana latsawa.

Aka ba su gado. A ɗakin nan na yara masu tamowa ba a raba uwa da ɗa, gado ɗaya suke kwana, ba wanda ya isa ya tsaya a bakin ƙofa. Madam ta sa ta wanke ɗacin da ke ƙirjinta, ta ce ta kwantar da shi fata da fata, ta bar shi ya kama ko babu komai. Ta manna wani siririn bututu a gefen kan nonon, ɗaya bakin a cikin kofin madarar asibiti, yadda in ya tsotsa zai samu, nonon kuma ya ji ana ja ya dawo. Mijin da uwarsa suka koma gida, wai noma ba ya jira.

Mardiya ta kwanta ta gefe, hannu ya kewaye kansa. Da farko bai san me zai yi ba. Can ya juyo da fuskarsa, ya shinshina, ya kama. Tsotson ba ƙarfi, ya ja kaɗan ya huta, amma ya kama. Ta yi kuka ranar, ba ta ɓoye ba, ta kira sunansa a kunnensa ba sau ɗaya ba, matan gadajen kusa ba su san ɗan fari ba ne balle su yi mata gori. Kwanaki suka ɗan ja a haka. Zawon ya ragu. Har ya fara bin ta da ido. Wata safiya ta ji tsikarin nan da ta sani a ƙirjinta, ta matsa, fari ya fito. Ta kira Madam ta nuna mata, Madam ta yi murmushi karo na farko.

Jikin yaron ne ya riga ya gaji. Zazzaɓi ya shiga da rana, numfashinsa ya riƙa sama-sama, aka yi allura, aka sa ruwa, aka yi duk abin da ake yi. Washegari da hantsi, yana kwance a ƙirjinta da nono a bakinsa, ta ji bakin ya saki. Ta daɗe ba ta gaya wa kowa ba.

A ƙauye aka shimfiɗa tabarmi. Maza suna ƙofar gida suna yi wa Safiyanu gaisuwa, suna cewa shi kam ya fita hakkin ɗansa, wane ne a garin nan ya taɓa sawo wa jariri madara daga wata ƙasa? Kwana ne ya ƙare. Mata suna ciki suna magana ƙasa-ƙasa, cewa nonon uwar ne, an ma gwada a gaban 'yar'uwar ubanta, wasu suka ƙara da cewa a likita an sake manna mata shi, shi ya ƙarasa shi. Har yau in ka tambayi mutanen garin abin da ya kashe Anas, haka za su gaya maka. Ba wanda zai ambaci tabki, ko kwalba a cikin yashi, ko namijin da damina ɗaya ta yi wa kaɗan. An ɗauki yaro lafiyayye daga inda Allah ya ajiye shi, an kashe shi a hankali da dabara da kunya da ladabi, ba a ɗaga murya ko sau ɗaya ba, sannan aka rataya laifin a ƙirjin uwarsa.

Nonon kuwa bai san an yi rasuwa ba. Ya ci gaba da zuwa, ya cika, yana jiƙa mata riga tana zaune cikin masu gaisuwa.

Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata. Gogo Tabawa ta zo, tana zaune kusa da Inna Cima suna jan tasbaha. Mardiya ta fito daga ɗaki da ƙoƙo a hannu. Ta zauna a tsakiyarsu, ta ɗage riga, ta tatsa. Wannan karon ba ta sha wahala ba. Surutu ya mutu. Ta je gindin rumbu da tsinken kara, ta aje shi a ƙasa har tururuwa ta hau da kanta, ta kawo ta ba ta taɓa ta da yatsa ba, ta karkaɗe ta a cikin ƙoƙon. Daidai lokacin Safiyanu ya shigo ɗaukar goron da za a raba wa maza, ya tsaya da ƙwaryar a hannu.

Tururuwar ta yi iyo, ta kama gefen ƙoƙon, ta zame, ta sake kamawa. Ta hau baki, ta sauka ƙasa, ta kama gabanta. Kowa ya gani.

"Gogo, kin gani?" in ji Mardiya. "Inna, kin gani? Malam, kai hwa?"

Gogo ta dubi tasbaharta. Safiyanu ya dubi uwarsa. Ba wanda ya yi motsi, sai Inna Cima ta gyara zama, ta ɗaga hannuwa biyu sama.

"Alhamdu lillahi, maganin da munka ba ta ya ci. Nono ya gyaru. Allah shi kawo na baya shi sha lahiya."

Matan suka sauke numfashi, suka shafa, suka ce amin. A cikin muryoyin akwai ta namiji guda ɗaya, Mardiya kuwa ta ji ta sarai.